Kitso da Ƙwarƙwata: Abin da Sabon Mai Tsohuwar Tirelar Kwana Zai Fara Gyarawa

Idan aka ce tirela, abin da ke zo wa yawancinmu a rai shi ne doguwar motar siminti ko ta shanu. Wadda zan yi magana a kanta daban ce. Ɗaki ne a kan taya, ba shi da inji, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. A cikinsa akwai gado, murhu, firji, famfo da ɗan banɗaki. Amurkawa suna fita da shi yawon hutu, su kwana a ciki duk inda dare ya yi musu. Turawan Ingila suna kiran nasu karaban, sunan da mu ma muka ara muke kiran ofisoshin wucin gadi da kamfanonin gine-gine ke ajiyewa a wurin aiki. Ni dai zan riƙa ce mata tirelar kwana.

A Amurka sayen tsofaffinsu a farfaɗo da su ya zama sana'a ga wasu, ga wasu kuma sha'awa ce mai cin kuɗi. Na zaɓi batun ne a furojet ɗina na ƙarshe saboda abu ɗaya: ban san wata na'ura ƙarama da ta haɗa kusan duk kwasa-kwasan makarantar nan a jikinta kamar wannan ba. Akwai aikin mai walda, na kafinta, na mai wayarin, na mai famfo, na mai gas, ga lissafin nauyi. Kuma duk wanda ya san aikin, magana ɗaya yake maimaitawa ga sabon mai ita: a fara daga ƙasa a hau sama. Goge jiki da sa labule su ne na ƙarshe. Wanda ya juya wannan tsari ya yi kitso da ƙwarƙwata.

Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Airstream, mai jikin alminiyom kamar jirgin sama marar fukafukai. Wally Byam ne ya kafa kamfanin a Kalifoniya a farkon shekarun 1930, a 1936 kuma ya fito da samfurin Clipper, wanda ya ɗauko fasalinsa daga aikin Hawley Bowlus, mutumin da ya kula da ƙera jirgin da Charles Lindbergh ya tsallake Tekun Atlantika da shi a 1927. Shi ya sa aka haɗa jikinta da ribit irin na jirgi. Tun 1952 ake ƙera su a garin Jackson Center na jihar Ohayo. A 1959 Byam ya jagoranci ayarin tireloli 41 daga Kef Taun suka nufi Alƙahira, a 1969 kuma a cikin wata Airstream da aka yi wa gyara na musamman aka killace 'yan sama jannatin Apollo 11 da suka dawo daga wata. Akwai wasu irin: Shasta, wadda ƙashinta katako ne aka rufe da siririn alminiyom, da Boler ta Kanada da aka fara a 1968, wadda aka zuba jikinta da faiba. Amma da Airstream zan fi kafa misali, domin ita ce ta fi yaudarar ido.

Inda yaudarar take

Alminiyom ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Tirela mai shekara hamsin za ta iya tsayawa a fili jikinta lafiya lau, ko lotsawa babu. Mai saye ya zagaya ta, ya shafa, ya biya. Abin da bai gani ba shi ne yadda aka gina ta hawa uku. A ƙasa akwai shasi na ƙarfe mai siffar tsani. A kansa aka shimfiɗa filawud, shi ne daɓen. A kan gefen filawud ɗin aka kafa wata kwatar alminiyom wadda bangon gaba ɗaya ke zaune a cikinta, sannan notuna suka ratsa kwatar da katakon suka kama shasi. Ku lura da wannan da kyau, 'yan kos ɗinmu: katakon yana tsakiya ne, shi ke haɗa sama da ƙasa. Ba wurin takawa ba ne kawai. Jikin yana taimaka wa shasi ɗaukar nauyi, shasi yana taimaka wa jiki, kuma ta cikin katakon nan suke gaisawa.

To yanzu a sa ruwa a lissafi. Ruwan sama ya shiga ta gefen taga, ko ta fitilar baya, ko ta ribit ɗaya da ya saki. Ba zai ɗigo a kan gado ka gani ba. Zai bi tsakanin fatar waje da ta ciki ya gangara, ya taru a kwatar nan ta ƙasa, ya jiƙa bakin filawud. Shekara biyar, shekara goma, katakon ya zama kamar dusa. Notunan suna nan amma ba abin da suke riƙe. Daga nan ruwan ya sauka kan shasi, inda audugar gilashin da aka sa don tare sanyi take riƙe laima kamar soso, ƙarfe ya fara cinyewa. A dogayen samfuran shekarun 1970, waɗanda banɗaki da tankuna ke can baya, har suna aka sa wa matsalar: rabuwar baya. Gwajinta mai sauƙi ne. Mutum ɗaya ya hau kan bamba ta baya ya riƙa tsalle a hankali, wani ya tsuguna yana kallo. Idan shasi yana sauka jiki bai bi shi ba, to sun rabu.

Saboda haka kayan aikin farko na sabon mai tirela ba injin goge-goge ba ne. Sukundireba ce da tocila. A bi gefen daɓe gaba ɗaya ana tsokana, musamman bakin ƙofa, ƙarƙashin tagogi, bayan masai da cikin kabad inda ba wanda ke leƙawa. Katako mai lafiya zai ƙi, ruɓaɓɓe zai haɗiye bakin sukundirebar. Hanci ma kayan aiki ne, warin rima ba ya ɓuya. Sannan a cire faifan alminiyom da ya rufe cikinta ta ƙasa a ga shasin ido da ido, a bi shi da guduma ana ƙwanƙwasa, musamman 'yan hannayen da suka fito gefe suna tallafe da bango. A sa takunkumi da safar hannu kafin a taɓa tsohuwar audugar nan, domin ɓeraye kan yi gida a ciki, kuma ƙurar kashinsu tana ɗauke da cuta. Haka tsofaffin tayil na roba masu faɗin inci 9, da yawansu akwai asbestos a ciki, ba a kankare su a bushe ko a bi su da injin gurza.

Idan ruɓewar wuri ɗaya ce, ana yanke wurin a sa sabon filawud mai jure ruwa, amma dole sabon ya shige ƙarƙashin kwatar bango a ɗaure shi da noti har shasi. Wanda ya yanka iya inda ido ke gani ya manna faci, ko ya shimfiɗa sabon leda a kan tsohon ciwo, bai yi komai ba. Idan kuwa ta zagaye, sai babban aiki: a kwance kayan ciki duka, a cire ribit ɗin ƙasa, a tokare jikin da katakai ta ciki don kada ya karkace, a ɗaga shi sama a jawo shasin waje. A nan mai walda zai shigo, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, a sa sabo, a yi fentin hana tsatsa. Aikin watanni ne. Ga dalilin da ya sa nake cewa ado ya jira: duk kabad ɗin da ka ƙera, duk fentin da ka shafa kafin ka duba daɓe, da hannunka za ka ɓalle su.

Toshe yoyo

Gyara daɓe ba tare da an toshe inda ruwa ke shiga ba, ɗibar ruwa da kwando ne. Akwai dabarar da ta burge ni, don duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci zai gane ta. Ana rufe ƙofa da tagogi, a sa fanka mai ƙarfi ta hura iska cikin tirelar, sai a bi jikin ta waje da ruwan sabulu. Duk inda kumfa ya taso, nan ne ƙofar ruwa. Sau da yawa inda ruwa ya shiga yana nesa da inda ya yi ɓarna, shi ya sa zato kawai ba ya kamo shi.

Abin da ake toshewa da shi ma yana da magana. Silikon ɗin nan da muke mannawa a komai bai dace ba. Yana sakin alminiyom bayan ɗan lokaci, ruwa ya bi ƙarƙashinsa, kuma inda ya taɓa wani gam ba ya kamawa sai an kankare tas. Masu aikin suna amfani da gam na foliyuritan a gaɓoɓi, da tef na butil a ƙarƙashin firam ɗin taga da murfin rufi. Rabin wahalar sabon mai tirela ita ce cire silikon ɗin da na gabansa ya lafta.

Ribit ma iri-iri ne. Na asali dunƙulalle ne marar rami, mutum biyu ke sa shi: ɗaya da bindigar iska a waje, ɗaya riƙe da dalmar ƙarfe a ciki. Wanda muka saba da shi a wokshop, mai tsinke da ake ja, rami ne a tsakiyarsa, don haka wurinsa bangon ciki ne, ba fatar waje ba. Kada kuma a maye ribit da sukurun ƙarfe. Mun yi wannan a aji: ƙarfe iri biyu suka haɗu, ruwa ya shiga tsakani, an yi ɗan ƙaramin batir ke nan, kuma alminiyom ne zai cinye. Farin garin da ake gani kewaye da tsohon sukuru shi ne shaidar.

Abin da ke taka ƙasa

Wannan ɓangaren ya kamata a duba tun kafin a jawo ta gida, domin a nan ne ran mutane yake. Tayar tirela ba ta mutuwa da gudu, da zama take mutuwa. Za ka ga zanenta cif kamar sabuwa alhali robar ta bushe ta tsattsage. Jami'an kiyaye haɗurra sun riga sun koya mana karanta lambar nan mai alƙaluma huɗu a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Idan alƙaluma uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, kada ma a tsaya shawara. Tayar da ta haura shekara shida a canza ta ko da ba ta yi tafiya ba. Fashewar taya a wannan tirela ba tsayawa gefen hanya kawai take jawowa ba, ɓallen robar yana yage alminiyom da bututun da ke kusa.

Boris na buƙatar a kwance a wanke, a duba, a cika da sabon giris, a sa sabon sil. Ƙa'idar da masu ƙera aksil ke bayarwa ita ce duk shekara, ko duk mil 12,000, wato kusan kilomita 19,000, duk wanda ya riga zuwa. Birkin tirelar Amurka na lantarki ne: maganaɗisu a cikin ganga, wata 'yar na'ura a cikin motar da ke ja tana aika masa wuta gwargwadon yadda direba ya taka. Akwai kuma makunnin gaggawa mai igiya da ake maƙala wa mota. Idan tirela ta ɓalle, igiyar ta fizge, birki ya kama da kansa. Amma da batirin tirelar yake aiki, don haka mataccen batir na nufin ba birkin gaggawa.

Aksil ɗin shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Daga farkon shekarun 1960 Airstream ta bar sifirin na ganye ta koma wani tsari: bututu mai kusurwa huɗu, sandar ƙarfe a cikinsa, da igiyoyin roba huɗu a kusurwoyin. Idan taya ta faɗa rami, sandar ta murɗa ta matse robar. Babu abin da ke ƙara, babu abin shafa wa mai. Matsalar ita ce roba tana tsufa, bayan shekara ashirin da biyar zuwa talatin ta sandare. A ɗaga tirelar da jak ta kan shasi, ba ta kan bututun aksil ba, a kalli taya. Idan ta sauko 'yan santimita, da sauran rai. Idan ta tashi tare da jikin nan take, aksil ya mutu, kuma canza shi ake yi gaba ɗaya. Jan tirela a kan mataccen aksil kamar jan amalanke ne: duk girgizar hanya tana shiga jiki kai tsaye, ribit su saki, yoyon da ka toshe ya dawo.

Sai maɗauri. Ƙwallon da ake ɗaura tirela a kai a Amurka inci 2 ne ko inci 2 da 5/16, na Turai kuwa milimita 50. Inci 2 milimita 50.8 ne. Ido ba zai raba su ba, amma ba ɗaya ba ne, kuma “ai ya shiga” ba hujja ba ce. Sarƙoƙin kariya biyu a gicciye ake sa su a ƙarƙashin maɗaurin, don in ya ɓalle su tare shi kada ya caki kwalta.

Gas kafin wuta

Tsofaffin tirelolin nan da gas suke yin kusan komai: girki, ɗumama ɗaki, tafasa ruwan wanka, har firji. Ku tuna ɗaki ne da bai kai na hostal ba, kuma a cikinsa ake kwana. Ra'ayina a nan ba sassauci: a canza regileta da duk tiyon roba, a bi kowace gaɓa ta bututun jan ƙarfe da ruwan sabulu, sannan a sa wanda ya san aikin ya auna ko matsin iskar yana sauka idan an rufe komai. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa na'urar jin warinsa kusa da daɓe ake kafa ta. Tsohon murhun ɗumama ɗaki kuwa, idan tukunyar ƙonawarsa ta huje, zai turo iskar kabon monoksaid cikin ɗaki, irin wadda ke kashe iyali guda idan an kwana da janareta a rufaffen wuri. Ba ta da wari, ba ta da launi. Na'urar gano ta ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba.

Firjin abin kallo ne ga 'yan sashen sanyaya. Ba shi da kwamfuresa. Ɗan harshen wuta ne ke tafasa haɗin amoniya da ruwa, ruwan ya zagaya cikin bututu da taimakon nauyinsa, sanyi ya fito. Ku tambayi kakanninku firjin kananzir, shi ne dai. Tunda nauyi ne ke zagaya da ruwan, dole tirelar ta tsaya daidai idan firjin na aiki. A bar shi a kunne a karkace, sai maganin hana tsatsar da ke ciki ya daskare ya toshe bututu, kuma wannan ba ya gyaruwa. Warin amoniya ko wani gari rawaya a bayansa alama ce ta ya huje, a kashe shi nan take.

Bututun ruwa ba sai na daɗe a kansu ba. A ƙasashen sanyi ƙanƙara ce ke fasa su, kuma yawancin masu gyara cire su suke yi su sa na roba mai lanƙwasa da ake kira PEX. Abin lura ɗaya: da yawa daga waɗanda aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1970 ba su da tankin tara ruwan wanka da wanke-wanke, ƙasa suke zubarwa. Yanzu wuraren yada zango ba sa yarda, sai an ƙara tanki.

Wayarin da sola

Wuta iri biyu ce a cikinta. Akwai ta batir mai bolt 12 don fitilu, fanka da famfo, akwai ta gida mai bolt 120 da ake jonawa a sansani. Tsakaninsu akwai caja. Tsohuwar cajar taransifoma ce mai nauyi wadda ba ta san batir ya cika ba, haka za ta yi ta tura masa wuta har ruwansa ya ƙone. Ta zamani tana farawa da kusan bolt 14.4, ta sauko 13.6, ta tsaya wajen 13.2. Wannan canji ne mai araha mai amfani. A duba kuma ko wayoyin na alminiyom ne, don an yi amfani da su a wasu samfuran ƙarshen shekarun 1960, kuma suna sassautawa a gaɓa su yi zafi. Abu mafi haɗari shi ne rashin wayar ƙasa. Jikin tirelar ƙarfe ne, tana tsaye a kan roba. Waya ɗaya ta goge ta taɓa bango, jikin duka ya ɗauki wuta, wanda ya taka ƙasa ya kama hannun ƙofa shi ne zai zama hanyarta.

Da a ce irin wannan tirela za ta iso nan, sai a ƙara da cewa wutarmu bolt 230 ce mai bugun 50, tasu 120 mai bugun 60. Taransifoma zai rage bolt, ba zai canza bugun ba, don haka motar esi za ta yi gudu ƙasa da nata ta riƙa zafi. Sake wayarin da kayanmu ya fi. Gas ɗin girkinmu ma galibi butan ya fi yawa a ciki, nasu furofan ne, sai an daidaita regileta da bakin murhu.

Kowa sola yake so ya fara sawa, to bari mu yi lissafi irin na aji. Tsohon ƙwan fitila yana jan kusan amfiya 1.4, na LED mai haske ɗaya kusan 0.2. Ƙwai shida na awa biyar: tsofaffin za su sha 42, sababbin 6. Kun ga tun kafin a sayi faifan sola ko ɗaya an rage kaya. Mu ɗauka a rana fanka ta sha 12, famfo 2, cajin waya da kwamfuta 10, ƙaramin firji mai kwamfuresa 40. Jimla 70. Batirin dalma mai 100 rabinsa kawai ake taɓawa in ana so ya daɗe, wato 50, bai isa ba. Na litiyom mai 100 zai ba da 80 zuwa 90, ga shi nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, amma yana son caja da ta san shi. Wannan 70 ɗin kusan wat-awa 900 ne. Da awa biyar na rana mai ƙarfi, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara, faifan wat 240 ake buƙata, a sayi na 300 a huta. Esi kuwa a cire shi daga wannan mafarki. Na kan rufi yana jan wat 1,300 zuwa 1,500, batirin nan duka wat-awa 1,280 ne, ko awa guda ba zai yi ba. Fentin fari a rufi, rumfa a gefe da fanka mai zuƙo iska sun fi amfani a kan kuɗinsu.

Abu biyu da masu sa sola ke mantawa. Na ɗaya, a bolt 12 waya siririya ba ta aiki: kayan wat 120 yana jan amfiya 10, alhali a wutar gida rabin amfiya ne. Waya mai kauri, gajeriyar hanya, da fis dab da batir. Na biyu, kowane rami da aka huda a rufi don ɗaure faifai sabuwar ƙofar ruwa ce, mun koma inda muka fara.

Nauyi, sannan ƙyalli

A jikin kowace tirela akwai ɗan faranti mai lambarta, a da yawa kuma an rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka. Kayan cikinta na asali da gangan aka yi su marasa nauyi, siririn filawud a kan firam. Sabon mai ita ya zo ya cire su ya sa tayil na ƙasa, kabad na katako mai kauri, teburin dutse. Ta yi kyau a hoto, amma shasi bai san da wannan yarjejeniya ba. Ruwa kansa lita ɗaya kilo ɗaya ne, tankin lita 100 buhun siminti biyu ke nan. Inda aka ajiye nauyin ma ya fi yawansa muhimmanci. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya kamata ya sauka a kan maɗauri: in kilo 2,000 ce, 200 zuwa 300. A tara batura da tanki a bayan aksil, gaba ya yi sauƙi, sai ta fara kaɗa wutsiya a kan hanya. Babbar mota ta wuce ta hura mata iska, kaɗawar ta ƙaru har ta juya motar da ke jan ta. Shi ya sa ake kai ta sikeli bayan an gama aiki, ba a ƙiyasta da ido.

Ni a ganina duk abin da ba ya barazana ga rai, kuma yana aiki, a bar shi. Hannayen kabad, fitilun bango, murhu mai kyau, tagogin asali, su ne suka sa ta zama tsohuwa mai daraja, kuma wasunsu ba a ƙera su yanzu. Abin da aka cire a ɗauki hotonsa, a sa masa lamba, a adana.

Fitar farko gajeriya ce. Bayan an mayar da tayoyi, a tsaya a sake ɗaure notunansu bayan kilomita 15, sannan 40, sannan 80. A kowace tsayawa a ɗora hannu a kan cibiyar taya. Ɗumi ba laifi, amma idan ɗaya ta fi sauran zafi, boris ne ko birki ke kamawa.

Sai yanzu goge jiki. Fatar tsofaffin Airstream ana kiranta Alclad: haɗin alminiyom mai ƙarfi a tsakiya, an lulluɓe shi da siririn alminiyom zalla, kuma wannan na saman ne ke ɗaukar ƙyalli kamar madubi. Waɗanda aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1960 an shafa musu wani farin fenti mai kama da gilashi, sai an cire shi da magani tukuna. Sannan a bi da injin goge-goge, daga man goge mai kaushi zuwa mai laushi, taku bayan taku. A doguwar tirela aikin yakan ci ɗaruruwan awoyi, mutum ya fito baƙi ƙirin kamar ya kwana a gidan gawayi. Ba a bin ta da samfefa mai kaushi, domin lulluɓin siriri ne ƙwarai, in aka cinye shi wurin zai yi duhu kuma ba ya dawowa. Bayan an gama ma iska za ta ci gaba da aikinta a kan alminiyom, ƙyallin ya riƙa dushewa, sai an sake bi da man mai laushi kusan duk shekara.